Yaro Mai Sammako Da Agogo Mai Sauya Launi

A cikin watan Yunin shekarar 2019, a wani ɗan ƙaramin gidan haya da ke hawa na biyu a arewacin Ingila, na aikata abin da har yau idan na tuna nakan ji kunyar kaina. Da misalin ƙarfe 4:45 na safe ɗana na fari, wanda a lokacin bai wuce shekara biyu da rabi ba, ya zo ya tsaya a kaina riƙe da takalminsa, yana jan bargo yana cewa gari ya waye, a tashi a fita. Ban cika awa biyu da kwanciya ba, domin na raba dare ina fama da kundin digirina na biyu, ban kwanta ba sai da na yi sallar asuba, wadda a can takan faɗo tun wajen ƙarfe uku a wannan wata. Uwargida kuwa tana kwance da laulayin ciki. Ban san lokacin da na daka wa yaron wata irin tsawa ba, har ya saki takalmin, ya jiƙa wandonsa a tsaye. Da na tashi na yaye labule sai na ga ashe shi ke da gaskiya, domin gari ya yi haske tangaran, tsuntsaye sai kuka suke yi. Yaron da idonsa ya yi hukunci, idon kuma bai yi masa ƙarya ba.

Na kawo wannan labari ne saboda a 'yan shekarun nan da wuya in zauna da abokan aiki masu ƙananan yara, a ofis ne ko a wajen ɗaurin aure, ba tare da wani ya kawo kukan sammakon ɗansa ba. Daga likitar da ta kwana a bakin aiki ta dawo tana neman runtsawa, har zuwa ma'aikacin bankin da zai bi cunkoson hanyar Nyanya ya shiga Abuja, kukan duk iri ɗaya ne: yaro ya farka tun duku-duku, ya hana kowa sakat. Sau da yawa kuma akan sami mai cewa ai Turawa sun ƙirƙiro wani agogo da ke maganin wannan matsala, a sa a kawo shi tsaraba ko a yi odarsa ta intanet. To, ni na yi amfani da agogon a kan 'ya'ya biyu, a ƙasashe biyu, na ga amfaninsa, na kuma ga inda ya gaza. Abin da na fahimta shi ne, agogon nan alƙawari ne da ake ƙullawa tsakanin babba da yaro, kuma a mafi yawan lokuta babban ne ke fara saɓawa.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, wata 'yar na'ura ce da ba ta fi girman ƙwaryar shan fura ba, wadda ake ajiyewa inda yaro zai iya hango ta daga shimfiɗarsa. Ba ta ƙara kamar agogon da muka sani, haske kawai take bayarwa. Iyaye ne ke saita mata lokaci, sai ta nuna launi ɗaya tsawon dare, idan lokacin tashi ya yi ta sauya zuwa wani launi. A Ingila wanda ya fi shahara shi ne Groclock, wanda da dare yake nuna tauraro a shuɗin haske, ƙananan taurarin da ke kewaye da shi suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, da safe kuma ya koma hoton rana a launin ruwan ɗorawa. A Amurka akwai OK to Wake, wanda ke yin kore idan lokaci ya yi, akwai kuma Hatch Rest, wanda ake sarrafawa da manhajar wayar hannu. Hikimar da ke cikinsu duka ɗaya ce. Yaro ba ya iya karanta agogo sai ya kai kimanin shekara 6 ko 7, amma tun yana ɗan shekara biyu zuwa uku yana iya bambanta launi da launi. Sai aka mayar masa da lokaci launi, domin ya gani da idonsa.

Ba banza ba wannan na'ura ta samu karɓuwa a ƙasashen da ke can arewacin duniya. A birnin Landan rana takan fito da misalin ƙarfe 4:43 na safe a ƙarshen watan Yuni, ba kuma za ta faɗi ba sai bayan ƙarfe tara na dare, alhali a ƙarshen Disamba ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas. Wato tsakanin bazararsu da hunturunsu akwai tazarar fiye da awa uku a fitowar rana. Yaron da ya dogara da hasken taga a irin wannan ƙasa dole ya ruɗe, ya kuma ruɗa iyayensa. Mu kuwa a Kano, da yake muna kusa da tsakiyar duniya, rana takan fito ne tsakanin wajen ƙarfe 6:00 a watan Yuni da wajen 6:50 a watan Janairu. Allah Ya hutar da mu daga rabin wahalar, domin hasken gari a wurinmu agogo ne da za a iya dogara da shi. Wannan bambanci yana da kyau mai karatu ya riƙe shi, saboda duk wanda zai ari maganin wani, ya kamata ya fara duba ko ciwon nasu iri ɗaya ne.

Masana harkar barci sun yi bayanin cewa abubuwa biyu ne ke tafiyar da barcin ɗan Adam. Na farko shi ne nauyin barci, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga lokacin da mutum ya farka, yana ƙaruwa har dare, sannan ya riƙa raguwa yayin da ake barci. Na biyu shi ne agogon da ke cikin jiki, wanda ke zagayawa cikin kusan awa 24, kuma haske ne babban abin da ke saita shi. A kan gano yadda wannan agogon jiki ke aiki ne aka bai wa wasu masana uku 'yan Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel ta fannin likitanci a shekarar 2017. Idan duhu ya yi jiki yakan saki wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke sanar da gaɓoɓi cewa dare ya yi, haske kuma yana danne shi. To, idan asuba ta gabato nauyin barci ya kusa ƙarewa, sinadarin ya soma ja da baya, barci ya zama mara nauyi. A wannan lokaci kukan zakara, ko jiƙaƙƙen wando, ko tsayawar fanka, sun isa su farkar da yaro. Babba ma yakan farka a irin wannan lokaci, sai dai shi yakan dubi agogo ya ga da saura, ya juya ya koma. Yaro ba shi da abin dubawa sai fuskar uwarsa da hasken taga.

Kafin a ɗora wa yaro laifi kuma, ya kamata a yi lissafi. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2019, yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a cikin yini da dare, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, kuma wannan har da barcin rana a ciki. Saboda haka yaro ɗan shekara uku da aka kwantar ƙarfe 7:30 na dare, ya farka 5:30 na asuba, ya kuma yi barcin awa ɗaya da rabi da rana, ya sami awa 11 da rabi cif. Wannan yaro ba shi da wata matsala, ya biya bashin barcinsa ne ya tashi. Babu wani agogo, komai tsadarsa, da zai ƙara masa barcin da jikinsa ba ya buƙata. Iyakar abin da agogon zai koya masa shi ne ya jira cikin natsuwa, wani lokaci kuma a cikin jiran barci ya sake sace shi.

Duk wannan ban san shi ba a wancan lokaci. A tsarin lafiya na Ingila akwai ma'aikatan jinya da ke bibiyar lafiyar ƙananan yara, kuma sukan duba yaro idan ya kai shekara biyu zuwa biyu da rabi. Da aka zo duba namu, uwargida ta kai kukanta wurin wata dattijuwa daga cikinsu. Ba ta fara da zancen agogo ba. Cewa ta yi mu sami takarda mu riƙa rubuta lokacin da yaron ya kwanta, da lokacin da ya farka, da tsawon barcinsa na rana, har tsawon mako guda. Da muka yi sai ga abin da ke ɓoye ya fito fili: yana yin barcin rana na kusan awa uku, wani lokaci har bayan la'asar, saboda ni ina so in sami sararin rubutu, da dare kuma yana zaune a gefena a gaban kwamfuta, fitilun ɗaki duk a kunne, ga labulen ɗakin shara-shara kamar gidan sauro. Daga baya na karanta wani bincike da masana a Jami'ar Kolorado ta Amurka suka wallafa a shekarar 2018, inda suka sa yara goma 'yan shekara 3 zuwa 5 a cikin haske mai ƙarfi na awa ɗaya kafin kwanciya, suka tarar sinadarin melatonin ya ragu a jikinsu da kusan kashi 88 cikin ɗari. Idon yaro ya fi na babba saurin ɗaukar haske. Sai da muka rage barcin ranar, muka sa labule mai kauri, muka riƙa rage fitilu bayan cin abincin dare, sannan muka sayo agogon.

Namu wani mai araha ne, ruwan goro da dare, kore da safe. Shawarar da aka ba mu, wadda kuma na ga amfaninta, ita ce kada mu saita shi a lokacin da muke buri, mu saita shi dab da lokacin da yaron ya saba farkawa. Tun da yana tashi 4:45, sai muka sa shi ƙarfe 5:00, domin ya ɗanɗani nasara tun a ranar farko. Da rana muka yi ta gwaji kamar wasa: mu kwanta tare a kan gado mu rufe ido, in saita minti biyu, da ya yi kore mu tashi da tafi da shewa. Idan ya fito kafin lokaci, a kama hannunsa a mayar da shi ba faɗa, ba hira, ba abinci, ba talabijin, a nuna masa launin a ce da saura. Idan kuwa ya yi kore, to ko idona bai buɗe sosai ba sai in tashi in yi masa barka da asuba, in yaye labule, a ba shi abin kari. Duk bayan kwana uku sai mu ƙara minti goma. Akwai ranakun da muka koma baya, akwai daren da na mayar da shi sau shida, amma kafin ƙarshen watan Yuli mun kai ƙarfe 6:15. Wata safiya na laɓe a bakin ƙofa na ji shi yana yi wa motarsa ta wasa raɗa cewa ta yi shiru, kore bai zo ba tukuna.

Daga nan ne kwaɗayi ya shige ni. Wata Juma'a da dare a cikin watan Agusta, na ce tun da abin yana aiki haka, me zai hana in more Asabar ɗina? Na lallaɓa na mayar da agogon ƙarfe 8:00. Yaron ya farka a lokacinsa, ya jira, ya ƙara jira. Yana jin motsin maƙwabta, yana jin motoci, ga yunwa, ga fitsari. Wajen ƙarfe bakwai ya kasa daurewa ya fito yana kuka, ni kuma ba kunya na nuna masa agogon na ce ai bai yi kore ba. Sai ya je ya janye labulen da kansa, rana ta faɗo cikin ɗakin, ya dube ni ya ce, “Baba, agogo ya yi ƙarya.” Tun daga ranar ya daina kallon na'urar. Sai da muka koma 5:45, muka sake bin matakan nan tun daga tushe har na tsawon mako biyu, kafin ya sake yarda da ita. Barcin da na sata na ƙasa da awa ɗaya, na biya shi da asubar kwana goma sha huɗu. Hausawa sun ce alƙawari kaya ne, ashe ko da ɗan shekara biyu da rabi aka ƙulla shi nauyinsa ɗaya ne.

Wannan darasi ya yi daidai da abin da masana suka daɗe suna faɗa. A shekarar 2006 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta sa aka yi nazarin bincike 52 da aka gudanar kan hanyoyin gyara barcin ƙananan yara ta hanyar tarbiyya, ba tare da magani ba, aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari na yaran da aka bi da su ta waɗannan hanyoyi sun sami sauƙi a bayyane. Ginshiƙin hanyoyin kuwa shi ne tsayuwar iyaye a kan tsari guda, da yaba wa yaro idan ya yi daidai, da ƙin saka masa da hira ko wasa idan ya tashi ba kan lokaci ba. Agogo mai launi wani ɗan mataimaki ne a cikin wannan tsari. Amfaninsa shi ne yana cire gardama tsakanin uba da ɗa, domin hukunci ya koma hannun wani na uku da ba ya fushi, ba ya gajiya. Amma muddin yaro ya gano cewa alƙalin nan yana karɓar cin hanci daga Baba, to shari'a ta ɓaci.

A ƙarshen shekarar 2019 muka dawo gida Kano, muka sauka a wurin mahaifiyata kafin mu kama haya. Da safe ta ji shiru jikanta bai fito ba, ta leƙa ta tarar da shi zaune a kan katifa ya zuba wa wata fitila ido. Da aka yi mata bayani sai ta riƙe haɓa ta ce, “Yau ga ikon Allah! Angon nawa ne sai fitila ta ba shi izini sannan zai zo ya gaishe ni?” Na ce, “Hajiya, ai don mu sami barci ne.” Ta ce, “A gidan mahaifinku wa ya taɓa kai ƙarar yaro don ya tashi da asuba? Kaji ma sun tashi. In ya fito ya tarar da ni a bakin murhu ina dama koko, in zuba masa ya sha, ya zauna a tabarma har gari ya waye. Ku ne kuka kulle kanku a gida daga ku sai ku, kuna kaiwa ƙarfe ɗaya kuna latse-latsen waya, sannan ku ce yaro ne mai laifi.”

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma har yanzu ban sami inda zan ƙaryata ta ba. A gidan gandu na da, sammako abin yabo ne, kuma yaron da ya farka yana da inda zai nufa: ɗakin kaka, ko wurin goggo, ko tsakar gida inda yayyensa ke shirin makarantar allo. Hannu da yawa ne ke ɗaukar nauyinsa, kuma gidan gaba ɗaya yakan yi shiru jim kaɗan bayan sallar isha'i. Mu 'yan boko mun bar wannan tsari mun koma gidajen da ba kowa sai miji da mata, kowannensu da aikin da ke jiransa ƙarfe takwas, mun kuma ari dogon daren Turawa ba tare da mun ajiye asubarmu ba. Sai dai kuma gaskiyar Hajiya ba ta biya wa kowa buƙata. Ma'aikaciyar jinyar da ke zaune a Gwarinpa, mahaifiyarta na Katsina, ba ta da kakar da za ta miƙa wa yaro ƙarfe biyar. Direban da bai yi barci ba haɗari ne a kan titi, likitan da bai yi barci ba haɗari ne a kan majinyaci, uban da bai yi barci ba kuma na riga na faɗi abin da yake iya aikatawa. Neman dabara a irin wannan hali ba lalaci ba ne.

Gwaji na biyu ya zo ne a kan ƙanwarsa a shekarar 2023. Azumin wannan shekara ya kama daga ƙarshen Maris zuwa 20 ga Afrilu, yarinyar kuma, tana 'yar shekara uku, ta saba da tashi tare da mu lokacin sahur. Aka yi sallah aka gama, ita kuwa jikinta ya riƙe ƙarfe 4:15. Na ɗauko tsohon agogon na kakkaɓe shi, ina ganin na riga na san hanya. A daren farko aka ɗauke wuta, na'urar ta mutu, da aka dawo da wutar ta manta lokaci, ta yi kore ƙarfe biyu na dare. Ga zafin Afrilu, wanda a Kano yakan haura digiri 40 da rana, da fanka ta tsaya yarinya ta farka sharkaf da gumi. Ga shi kuma a ɗakin uwarta take kwana, kamar yadda akasarin yaranmu ke yi, alhali masu ƙera agogon da yaro mai ɗakin kansa suka yi lissafi. Uwa uba, mu kanmu muna tashi da kiran sallah, to da wane baki za mu ce mata dare ne alhali tana jin ƙarar buta?

Dole muka sauya salo. Na haɗa agogon da ɗan batirin cajin waya domin kada ɗauke wuta ta shafe shi, muka sami fanka mai caji, muka kuma daina ce mata dare ne. Abin da muka gaya mata shi ne, lokacin sallar manya ne, ita kuma nata aikin ta kwanta a katifarta da 'yar tsanarta har fitila ta yi kore. Muka fara daga 4:30 muna matsawa sannu a hankali, har muka tsaya a daidai lokacin da nake dawowa daga masallaci, daga baya muka kai shi ƙarfe 6:00, wanda dama shi ne lokacin shirin makarantar yayanta. Abin mamaki, bayan wata biyu ta daina duba na'urar, sai ta riƙa sauraren sallamata da motsin ƙofa. Muryata ta zame mata koren fitila. A nan na gane cewa duk wata alama da ba ta saɓawa tana iya yin wannan aiki, ko fitilar da aka haɗa da soket mai saita lokaci, ko buɗe taga, ko gaisuwar uba.

Ga wanda ya ƙudura zai saya, ga abin da zan iya cewa. Kada a ɓata kuɗi a kan yaron da bai kai shekara biyu ba, domin bai isa fahimtar sharaɗi ba, wasu ma sai sun kusa uku. A nemi wanda ke riƙe lokaci idan an ɗauke wuta. A rage haskensa na dare iya raguwa, musamman idan shuɗi ne, saboda shuɗin haske ya fi kowane launi danne sinadarin barci. Ja ko ruwan goro sun fi dacewa da dare. A lura cewa akwai yaran da ba sa bambanta ja da kore, akasari maza, ga irinsu mai hoton rana da tauraro ya fi. A nisanta igiyar wutar daga shimfiɗa, a kuma tabbatar yaro ba zai iya ɓalle murfin batiri ba, domin ƙananan batiran nan masu kama da maɓalli suna ƙona maƙogwaro idan aka haɗiye su. Lokacin tashi ya zama ɗaya ranar aiki da ranar hutu, kuma ya zama na adalci. Tsakanin ƙarfe 6:00 da 6:30 buri ne mai yiwuwa, ƙarfe takwas kuwa zalunci ne. Sannan a fahimtar da yaro tun farko cewa idan fitsari ya matse shi, ko ba shi da lafiya, ko ya tsorata, ƙofar iyayensa a buɗe take ko wane launi fitila ke nunawa.

Haka kuma akwai sammakon da ba na tarbiyya ba ne. Yaron da ke minshari mai ƙarfi kullum, ko numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, ko yake kwana baki buɗe ya tashi a gajiye, likita ya kamata ya gani, domin sau da yawa kumburin 'yan wuya ko na bayan hanci ne ke toshe masa hanyar iska. Wanda ke farkawa da zazzaɓi, ko yana jan kunne, ko yana susa saboda sauro ko ƙuraje, magani da gidan sauro yake buƙata. Wanda kuma ya ci abincin dare tun kafin magariba, wataƙila yunwa ce ke tashinsa. Tilasta wa irin waɗannan yara su jira launi ƙarin azaba ne kawai.

Yanzu yaran nan biyu sun girma, agogon yana cikin kwali a saman kabad, babban ma sai an yi da gaske ake raba shi da bargo ranar makaranta. Abin da ya rage mini daga wannan tafiya shi ne gyaran da na yi wa kaina. Da na riƙa rubuta lokacin kwanciyar yaro, sai na soma rubuta nawa a gefe, na ga mutumin da ke kukan an tashe shi ƙarfe biyar shi ne wanda ba ya ajiye waya sai sha biyu ta gota. Tun daga lokacin nake ƙoƙarin kwanciya kafin ƙarfe 10:30, kuma rabin abin da nake kira matsalar yara ya kau da kansa. Duk wanda ɗansa ya dame shi da sammako, ya fara da takarda da alƙalami na mako guda, ya rubuta na yaron ya rubuta nasa. Idan bayan haka ya ga yana buƙatar agogon, ya saya, amma ya sani ranar da ya kunna shi ya ɗauki alƙawari, kuma akwai ƙananan idanu biyu da ke jiran su ga ko zai cika. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu ikon sauke nauyinsu.